Farcen Roban da Na Manna wa Matata da Hannuna

A lokacin da wannan abu ya faru ni ɗan acaɓa ne a Ƙaraye, sabon ango mai ji da kansa. Babur ɗina sabo ne, wayata babba ce, karatuna kuwa bai wuce firamare da ɗan abin da na samu a makarantar allo ba. Da safe ina jigilar ma'aikata daga tasha zuwa ofis, ranar kasuwa kuma in wuni ina kai-komo tsakanin Ƙaraye da Rogo. Malam Edita, ban rubuto don a tausaya mini ba, domin ni ne mai laifi a labarin nan daga farkonsa har ƙarshensa. Ina roƙon kada a nemi sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, saboda wadda na zalunta tana nan da ranta, kuma ta fi ni cancantar a rufa mata asiri.

Matata 'yar Rogo ce, mahaifinta malamin allo ne kuma manomi. Ni na gan ta na ce ina so, ita ma ta amince, babu wanda ya matsa wa wani. Yarinya ce mai haƙuri da yawan ibada, ba ta ɗaga murya, ba ta iya kallon tsakiyar idon mutum. Tun tana ƙarama aikinta ɓarar gyaɗa da surfe da tuyar ƙuli-ƙuli, don haka tafin hannunta duk kanta ne, faratanta gajeru, gefensu a tsattsage. Lokacin da nake zuwa zance ban taɓa ganin aibin hannun nan ba, ƙuli-ƙulin da yake soyawa nake ci ina santi. Sai da aka kawo mini ita gida na fara kwatanta ta da matan da nake ɗauka a bayan babur, waɗanda idan za su sallame ni sai in ga farce zaƙo-zaƙo yana walƙiya, da kuma waɗanda nake kallo a waya. Na shiga yi mata ba'a. In ce mata hannun ɗan dako gare ta, in ce idan ta taɓa ni ji nake kamar an goga mini totuwa. Da farko dariya take yi ta ɓoye hannun cikin mayafi. Daga baya ta daina dariyar, ɓoyewar kawai ta rage.

Wata ranar kasuwa na tsaya wajen mai koli na sayo mata kwalin farcen roba, irin wanda mace take manna wa kanta a gida ba sai ta je shagon kwalliya ba. Launin ruwan hoda ne da 'yan duwatsu masu ƙyalli, a ciki akwai ɗan ƙaramin gam da abin goge farce. Na miƙa mata ina jiran ta yi tsalle. Ta jujjuya kwalin, ta yi godiya, sannan ta ce, cikin ladabi kamar yadda ta saba kira na Maigida, ita dai abin da aka koya mata a gidansu shi ne duk abin da ya hana ruwa taɓa farce to ya hana alwala. Na ce mata to matan birni da suke sawa duk arna ne ke nan? Ta ce ita ba ta san na kowa ba, nata ta sani, amma tunda ina so za ta riƙa sawa a kwanakin da take fashin salla, idan za ta yi wanka ta cire. Na ga ban yi asara ba, na yarda.

Ta kuwa cika alkawari, har ta ƙware. Idan ta gama aikin gida sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta wanke hannu ta tsane shi, ta ɗan goge saman farcenta, ta jera na roban daga babba zuwa ƙarami, ta gwada kowanne a kan yatsansa kafin ta ɗiga gam kaɗan ta danna. Na hannun dama ne ke ba ta wahala, farko-farko ni nake taya ta, muna yi muna dariya. Ba zan ɓoye ba, hannun yana yin kyau. Amma aiki ba ya yiwuwa da shi. Tuƙin tuwo ya zama wahala, wanki sai a hankali, akwai ranar da guda ya ɓalle ya faɗa tukunyar miya, yayana ya tsinto shi a malmalarsa ya ɗaga yana tambayar ko wannan wane irin kifi ne. Idan kwanakin suka cika sai ta jiƙa hannun a ruwan ɗumi da sabulu da ɗan man gyaɗa, faratan su saki da kansu, ta goge su ta adana a wani gwangwanin alewa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne gidanmu gidan yawa ne. Ga Inna, mahaifiyata, ga matar yayana da 'ya'yanta, ga maƙwabta masu shigowa aron turmi. Ba a daɗe ba mata suka gane ma'anar farcen. Abin da mace take ɓoyewa ko ga uwar da ta haife ta, sai ya zama a kan yatsunta kowa yana karantawa. Da zarar ta fito da safe da farce, matar yayana za ta tafa hannu ta ce amarya ta kafa tuta, wannan watan ma an tashi babu komai. Wata maƙwabciya ta ce ai sun huta da duban wata, hannun amarya ya ishe su. Inna kuwa idan matata ta durƙusa gaishe ta, hannun take fara kallo kafin ta amsa, wani lokaci ta sauke ajiyar zuciya. Mun haura shekara da aure ba labari, maganar ta fara nauyi. Matata ta same ni ta roƙe ni, ta ce don girman Allah in bar ta ta daina sawa, ta ce ji take kamar an tuɓe ta a tsakar gida. Na yi dariya na ce surutun mata ne. Da ta nace sai na ce mata idan tana son su rufe baki ta yi ciki mana. Ta dube ni sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Har yau idan na tuna wannan magana sai in ji kamar in tsinke harshena.

Bayan an gama kaka, an kai gyaɗa gida, sai farce ya daina fitowa. Wata ya wuce, wani ya bi shi, gwangwanin yana saman kwaba ba a taɓa shi ba. Ba'ar mata ta tsaya cak. Inna ta hana ta daka, tana aika mata da kunun tsamiya. Matar yayana da ke tsokanar ta ita ce ta koma ɗebo mata ruwa a rijiya, tana ce mata ƙanwata zauna ki huta. Duk ina gani da idona, amma abin da zuciyata ta ba ni shi ne ta kai ƙarata wajen Inna sun haɗe mini kai. Na tambaye ta dalilin da ya sa ta daina kwalliyar da nake so. Ta rufe fuska da gefen mayafi ta ce salla take yi. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san mace mai cikin fari ba ta buɗe baki ta faɗa, kunya ba ta barin ta, sai dai a gane. Iyakar abin da za ta iya faɗa mini ke nan, kuma ya isa ga mai hankali. Ni kuwa na ɗauke shi raini.

Ana cikin haka aka sa bikin wani abokina, ɗan acaɓa irina, wanda ya auro 'yar birni. A majalisarmu ta bakin tasha yana ta cika baki da wayewar amaryarsa, wani ya juyo ya ce mini ni kuwa sai haƙuri, na ɗauko 'yar Malam mai ƙamshin ƙuli-ƙuli. Aka kwashe da dariya. Na buga ƙirji na ce su jira ranar wuni, matansu za su dawo su ba su labarin tawa. Ranar ta zo Inna ba ta nan, ta tafi Rogo Ruma jinyar ƙanwarta. Da hantsi na shiga ɗaki na tarar matata ta shirya, ta yi ƙunshi mai kyau hannu da ƙafa, ta miƙo mini hannun tana murmushi don in gani. Ban ko duba ba, na sauko da gwangwani. Na buɗe gam ɗin na tarar ya bushe ƙamas saboda daɗewa. Maimakon in ce Allah ne ya hana, sai na fita wajen babur na ɗauko sufagulun da nake liƙe fasasshiyar roba da shi.

Da ta gan shi a hannuna sai ta ja da baya. Ta ce Maigida ka yi mini rai, azahar a can za ta riske ni. Ta ce wannan ba na jikin mutum ba ne. Na ce mata ni ne miji ko ita, na jawo mata maganar biyayya, ni da ko sallar asuba sai ta tashe ni. Da ta ci gaba da roƙo sai na rantse idan ba ta miƙo hannun ba ta haɗa kayanta ta tafi gidan ubanta. Sai ta miƙo. Ban goge komai ba, ban gwada girma ba, na riƙa malala gam ɗin ina dannawa da ƙarfi, yana tsiyaya har kan fata. Ta ce yana yi mata zafi, na ce zai daina. Hawaye kawai ke ɗiga a kan zanenta. Da na gama na ɗaga hannun na duba, na ce ka ga mace yanzu. Na ɗauke ta a babur na sauke ta a ƙofar gidan biki, na wuce wajen maza ina fara'a.

Bayan la'asar na je ɗaukar ta aka ce ai tun kiran azahar ta fita, da ƙafa ta koma gida. Na iso a fusace. A ƙofar ɗaki na tarar da kwano da ruwa ja-ja a ciki, ga kwalbar man gyaɗa, ga kalanzir, ga reza a gefe, faratan roba a warwatse a ƙasa. Ta gwada ruwan ɗumi, ta gwada mai, ta gwada kalanzir, babu wanda ya motsa, lokacin salla kuma yana tafiya. Sai ta sa reza ta riƙa ɓamɓara. Yawancinsu sun taho da saman farcenta, na manuniyar hannun dama kuwa gaba ɗaya ya fita da nata farcen, ya bar tsoka a fili. Ta yi alwala a haka, ta naɗe yatsan da tsumma, ta yi sallarta. Na same ta a kan abin salla tana jan carbi da hannun hagu. Ina so masu karatu su san abin da na ce mata a wannan lokaci, domin ban ce sannu ba. Cewa na yi ta kunyata ni a gaban abokaina, kuma ita ta jawo wa kanta, ta ji da shi.

Yatsan ya kumbura ya tara ruwa. Matar yayana ta ce in kai ta asibiti, na ce mata ta ji da nata mijin. Da sassafe nake ficewa, ba na tambayar yadda ta kwana. Mata suka yi ta shafa mata abin da suka sani, kumburin yana hawa har wuyan hannu, zazzaɓi ya rufe ta. Ranar da Inna ta dawo ta kwance tsumman ta gani, ta aika aka kira ni daga tasha. Tunda nake ban taɓa jin murya irin wannan a bakinta ba. Ta ce idan ban kai yarinyar nan asibiti yanzu ba, ba ta yafe mini nononta da na sha ba. Ko zama a babur ba ta iya yi, sai da matar yayana ta hau baya ta riƙe ta. Muna isa jini ya ɓalle mata. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi wata nawa ne, Inna da ta biyo mu ita ta amsa. Ni kuwa ina tsaye kamar gunki na ce wata nawa na me? Inna ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ko kajin gidanmu sun san yarinyar nan tana da juna biyu, ni kaɗai ne ban sani ba, ni da na sayo farcen da ya sanar da kowa.

Cikin bai tsaya ba. Likita ya ce zazzaɓi mai zafi yana iya jawo haka, kuma yana iya faruwa ba tare da shi ba, Allah ne masani. Mutane da yawa sun riƙe wannan magana suna lallashi na da ita. Na yarda da ƙaddara, amma na san hannun da ya riƙe sufagulu, na kuma san bakin da ya ce ta ji da shi.

Daga asibiti gidansu aka wuce da ita jinya. Da ta samu sauƙi na tafi Rogo biko, ina tsammanin zagi. Malam ya karɓe ni a zaure, ya sa aka kawo mini ruwa, ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi Inna da mutanen gida da yadda hanya take. Da zagi na ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, domin ya koya wa 'yarsa cewa dole ruwa ya taɓa farce, amma bai koya mata cewa wanda aka tilasta yana da uzuri ba, kuma addini bai ce ta yanka namanta ba. Ya ce da ta tambaya da an nemo mata sauƙi. Sannan ya ce mini, yaro, hannun nan da ka raina shi ya ciyar da gidan nan tare da ni, kuma ban ba ka shi don ka gyara ba. Ya sa aka kira ta, ta durƙusa daga bayan labule. Ya tambaye ta ko za ta koma. Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, amma ba za ta iya sake miƙa mini hannunta ba.

Na koma ba sau ɗaya ba, na kai dattawa, Inna da kanta ta je ta yi kuka a ɗakin mahaifiyarta. Amsar ba ta sauya ba, Malam kuma ya ce ba zai tilasta ta ba, tilas ɗin da aka yi mata ya isa. A ƙarshe na sauwaƙe mata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da na yi abin domin su. Abokan majalisa suka laƙaba mini mai gyaran farce, idan mace ta zo hawa babur sai su ce ta hau nawa a yi mata kwalliya kyauta. Na tambayi angon ko amaryarsa ta ce wani abu game da hannun matata ranar wuni, ya ce ita ko lura ba ta yi ba, mata sun yi yawa. Ke nan na rushe gidana, na rasa abin da ke cikin matata, don kallon da ba a ma yi ba.

Yanzu ta yi aure a can wajensu. Bara na gan ta a kasuwar Rogo da goyo a bayanta tana sayen kayan miya. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida kowane mai babur, ta tambayi Inna. Da ta miƙa hannu karɓar leda na ga manuniyar. Farcen ya fito a murɗe, baƙi, rabi ne kawai. Ta yi masa lalle kamar sauran, ba ta kuma ɓoye shi a mayafi ba. Ni ne na kawar da kai.

Ba na ɗora wa farcen roba laifi. Kwalliya ce, matan da suka san kansu suna sawa a lokacin da ya dace da gam ɗinsa na asali, su jiƙa su cire a hankali, babu abin da ya same su. 'Yan'uwana mata, kada wadda ta yarda a sa mata gam ɗin liƙe takalmi ko na babur a jiki, idan kuma ya maƙale kada a sa reza, a nemi mai sani, a tambayi malamai game da salla. Amma maganata ta fi yawa a kan maza irina. Idan matarka ta ce maka wani abu yana tona mata asiri, ka saurara. Idan ta faɗi magana gajera ta sunkuyar da kai, ka tsaya ka yi tunani, wataƙila iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa ke nan. Kada ka mayar da jikinta abin burge 'yan majalisa, su za su fara yi maka dariya. Ni yanzu babu mai tashi na sallar asuba, da kaina nake tashi. Kuma duk sallar da na zauna tahiya na ɗaga manuniyata, lafiyayya da farcenta cif, ba tawa nake gani ba. Ina roƙon masu karatu su sa ni a addu'a, amma su fara da ita.